Me ke hana mutum aikata laifi: tsananin hukunci ko tabbacin kamu?

Mai Neman Sani ta rubuta:

Assalamu alaikum, malamai da 'yan'uwa. Ni ɗaliba ce da ta fara karatun ilimin nazarin laifuffuka, kuma akwai tambayar da ta tsaya mini a rai, wadda nake fatan masu ilimi da waɗanda suka yi aiki a wannan fanni za su warware mini.

Duk lokacin da wani mummunan laifi ya tayar da hankalin jama'a, a kowace ƙasa kuwa, kiran da ake fara ji shi ne a tsananta hukunci: a ƙara shekarun ɗauri, a hana beli, a dawo da hukuncin kisa inda aka soke shi. 'Yan majalisa su gyara doka cikin gaggawa, jama'a su ji an yi wani abu, bayan 'yan shekaru kuma a sake jin irin laifin, a sake irin kiran. Amma abin da muke karantawa a aji ya fi karkata ga cewa akasarin mutanen da ba sa sata ko kisa ba su taɓa buɗe kundin dokar laifuffuka ba, ba su ma san shekara nawa aka tanadar wa kowane laifi ba. Abin da ya riƙe su shi ne tarbiyya, da jin kunyar idon mutane, da gudun zubar da mutunci, da tsoron rasa aiki ko iyali.

To idan waɗannan ne suke riƙe da mafi yawan mutane, mene ne ainihin aikin ɗan sanda da alƙali da gidan yari? Shin tsananta hukunci yana rage laifi da gaske, ko zuciyar waɗanda ba su yi laifin ba kawai yake kwantarwa? Idan kuma ba ya ragewa, da wace hujja al'umma take kulle mutum shekara ashirin? Ina roƙon a amsa mini da hujja, Allah ya saka da alheri.

Malamin Nazarin Laifuffuka ya amsa:

Wa alaikumus salam, Malama. Tambayarki ta girme mu duka, domin tun a shekarar 1764 wani matashi ɗan birnin Milan na ƙasar Italiya, Cesare Beccaria, ya yi ta, ya kuma ba da amsar da har yau bincike bai rushe ta ba. A zamaninsa ana azabtar da wanda ake tuhuma don ya amsa laifi, ana kashe mutane a bainar jama'a, duk da haka laifi bai ƙare ba. Shi ya sa ya rarrabe abubuwa uku da mutane suka saba cuɗawa: tabbacin cewa hukunci zai zo, da saurin zuwansa, da nauyinsa. A ganinsa, hukunci matsakaici wanda mutum ya tabbata ba zai kuɓuce masa ba ya fi shiga zuciya a kan hukunci mai ban tsoro wanda yake sa ran tsallakewa.

Dalilin a fili yake. Mai shirin fasa gida da dare ba ya zama ya auna bambancin shekara biyar da shekara goma. Abin da yake dubawa shi ne ko akwai haske a ƙofar, ko maƙwabta sun yi barci, ko akwai hanyar gudu idan an farka. Masu iya magana sun ce rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya, shi kuwa ɓarawon da dubun nan yake lissafi. Ga kuma laifuffukan zubar da jini, waɗanda da yawansu ana aikata su ne cikin fushi ko maye ko firgici, lokacin da hankalin da zai tuna da sashen doka ya riga ya gushe.

Tarihi ya ba mu misalai ta ɓangarorin biyu. A Ingila, zuwa farkon ƙarni na 19, laifuffukan da hukuncinsu kisa ne sun haura 200, har da ƙananan sace-sace. Abin da ya biyo baya shi ne masu taya alƙali yanke hukunci suka riƙa rage ƙimar kayan da aka sata da gangan don kada a rataye mutum a kan abin da bai taka kara ya karya ba. Wato tsananin da ya wuce kima shi ne da kansa ya raunana tabbacin hukuncin. A ɗaya ɓangaren kuma, a watan Satumba na 1944 sojojin Jamus da suka mamaye Denmark sun kame 'yan sandan ƙasar, aka yi watanni babu rundunar 'yan sanda, sai fashi da sata suka yi tashin gwauron zabo, alhali dokokin da suka haramta su suna nan daram. Abin da ya kau shi ne tsoron kamu. Saboda haka duk wanda ya ce ɗan sanda ba shi da amfani bai duba hujja ba.

Game da yawan ɗauri, babu ƙasar da ta gwada shi kamar Amurka. Daga shekarun 1970 ta yi ta tsawaita wa'adi, jihar Kaliforniya ma ta kafa doka a 1994 wadda ta tanadi ɗaurin shekara 25 zuwa rai-da-rai ga mai tarihin manyan laifuffuka biyu idan ya ƙara na uku, har yawan waɗanda ke tsare a ƙasar ya kai kusan miliyan 2.3 a wajajen 2008. Da hukumar ƙididdiga ta ma'aikatar shari'ar ƙasar ta bi sawun fursunonin da aka saki a jihohi 30 a shekarar 2005, ta tarar an sake kama kashi 68 cikin 100 kafin cikar shekara uku, kashi 83 kuma kafin cikar shekara tara. Finland ta bi akasin wannan hanya. A shekarun 1950 yawan fursunoninta, idan aka auna da yawan jama'a, ya ninka na maƙwabtanta kusan sau huɗu, sai ta yi shekaru tana rage wa'adi tana ƙara amfani da tara da ɗaurin talala, har ta daidaita da su a shekarun 1990, kuma hauhawa da raguwar laifi a cikinta suka ci gaba da tafiya kafaɗa da kafaɗa da na Sweden da Norway da Denmark. Hukuncin kisa kuwa, wani kwamitin masana na majalisar bincike ta ƙasar Amurka ya duba nazarce-nazarcen da aka yi a kansa, ya bayyana a 2012 cewa ba su isa a kafa hujja da su ba, ko a ce yana rage kisan kai ko a ce yana ƙara shi.

Abin da kika karanta a aji game da kunya da mutunci shi ne tunanin Travis Hirschi, masanin zamantakewa ɗan Amurka, wanda a 1969 ya juya tambayar, ya ce a daina mamakin mai laifi, a tambayi abin da ya hana sauran mutane. Amsarsa ita ce shaƙuwa da iyaye da malamai, da samun abin da mutum ke tsoron rasawa, da shagaltuwa da abin kirki, da yarda cewa dokar ta cancanci a bi ta. Ni a wurina, hukuncin kotu yana cizo ne gwargwadon waɗannan igiyoyin da suka ɗaure mutum da al'ummarsa. Wanda yake da aiki da iyali da suna, kwana ɗaya a hannun 'yan sanda ya ishe shi izina. Wanda ba shi da ko ɗaya, barazanar shekara goma ba ta da wurin kamawa a jikinsa.

Tsohon Gandiroba ya amsa:

Malam ya kawo hujjar littattafai, ni kuma zan faɗi abin da idona ya gani a tsawon shekarun da na yi ina aikin gidan yari, domin maganar igiyoyin nan da ya rufe da ita, a ɗakin ziyara ake ganin yadda suke tsinkewa.

Sabon fursuna, a watanninsa na farko, ranar ziyara ba ta wuce shi. Matarsa za ta zo da yaro a hannu, mahaifiyarsa za ta zo, wani aboki zai leƙo. Bayan shekara guda sai ka ga mahaifiyar ce kaɗai. Bayan wasu shekaru, idan an kira sunayen masu baƙi, ba ya ko ɗaga kai, domin ya san babu nasa. Wannan mutumin ne ranar sallama za mu miƙa masa kayan da ya shigo da su, waɗanda sun daina yi masa daidai, mu buɗe masa ƙofa, ya fita ya tsaya yana duban titi dama da hagu, bai san inda zai nufa ba. Mutanen da suka rage masa a duniya waɗanda za su karɓe shi hannu bibbiyu su ne waɗanda ya sani a ciki. Idan ya dawo mana bayan watanni, jama'a za su ce mugun hali ne, mu kuwa da muka ga yadda ɗakin ziyara ya yi ta raguwa ba ma mamaki.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne masu jiran shari'a. Alƙaluman Majalisar Ɗinkin Duniya sun nuna cewa kusan kashi ɗaya cikin uku na waɗanda ke tsare a duniya ba a yanke musu hukunci ba, kuma doka tana ɗaukarsu marasa laifi har sai an tabbatar. Ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar ta sabunta a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela, sun ce a raba mai jiran shari'a da wanda aka yanke wa hukunci, a raba yaro da babba, kuma kada a kulle mutum shi kaɗai fiye da kwana 15 a jere. Amma idan ɗakin da aka gina don mutum goma ya ɗauki talatin, ina za a yi rabon? Saurayin da aka kawo a kan ƙaramar tuhuma, wanda ya kasa cika sharaɗin beli don ba shi da mai tsaya masa, zai kwana gefen wanda ya ƙware a fashi, ya saurari hirarsa dare da rana, aikinsa na waje ya tafi, karatunsa ya tsaya. Ko da kotu ta wanke shi daga ƙarshe, an riga an hukunta shi, kuma wanda ya fita ba shi ne wanda ya shigo ba.

Ba ina cewa a buɗe ƙofofi a saki kowa ba ne, 'yata. Na ga mutanen da ko ni da nake riƙe da makulli ba na juya musu baya, kuma tsare su rahama ce ga al'umma. Sai dai na lura da wani abu: ƙarfin laifi na ƙuruciya ne. Wanda ya shigo yana ɗan shekara ashirin yana tafasa, idan ya doshi hamsin sai ka same shi ya yi sanyi, shi ne ma yake raba faɗan yara. Shekarun ƙarshe na dogon wa'adi, sau da yawa dattijo ake tsarewa saboda abin da saurayi ya aikata.

Lauya Mai Kare Haƙƙi ta amsa:

Ina girmama abin da Malam da Baba suka faɗa, amma ina ganin an bar rabin tambayar a baya, kuma rabin da aka bari shi ne na wanda aka zalunta. Dukkan hujjojin da aka kawo suna auna hukunci ne da ma'auni guda, wato ko ya rage laifin gobe. To a ɗauka an tabbatar cewa wanda ya kashe mutum da gangan ba zai sake ba har abada, kuma ɗaure shi ba zai tsoratar da kowa ba. Sai a ce masa ya tafi gida? Babu zuciyar da za ta karɓi wannan, kuma ƙin karɓar ba jahilci ba ne. Masanin falsafar nan na Jamus, Immanuel Kant, ya tsaya a kan cewa ana hukunta mutum ne domin ya cancanta, kuma ɗaure shi don kawai a tsoratar da wasu mayar da shi kayan aiki ne. Wannan ra'ayi yana da wani alheri da ake mantawa da shi, domin shi ne yake kafa iyaka: idan cancanta ce ma'auni, ba za a yi wa ƙaramin ɓarawo ɗaurin rai-da-rai ba ko da hakan zai tsorata dubu.

Ɗalibarmu ta tambaya ko hukunci zuciyar marasa laifi kawai yake kwantarwa, kamar hakan ƙaramin abu ne. Emile Durkheim, masanin zamantakewa ɗan Faransa, ya rubuta tun 1893 cewa babban aikin hukunci a kan mutanen kirki yake, domin yana tabbatar musu cewa abin da suka yarda da shi yana nan da ransa. Na zauna da iyayen da aka kashe musu ɗa, na ga yadda suke zuwa kotu a kowane zama, a ɗage, su koma, su dawo. Ba lissafin raguwar laifi ya kawo su ba. So suke wata hukuma ta faɗa da babbar murya cewa abin da aka yi musu zalunci ne. Ranar da mutane suka fidda rai da jin wannan, ranar suke fara ɗaukar doka a hannunsu.

A nan ne kuma nake jan hankali game da yabon da ake yi wa tsawatarwar al'umma. Idon jama'a yana hana laifi, gaskiya ne, amma shi ne kuma yake rufe bakin yarinyar da aka yi wa fyaɗe don gudun abin kunya, shi ne yake taruwa a kan wanda aka yi wa ihun ɓarawo a kashe shi kafin a tambayi shaida. Taron jama'a ba ya ba da lauya, ba ya sauraron kariya, ba a ɗaukaka ƙara a gabansa. Ga kuma tambayar wa ake kamawa. Edwin Sutherland, masanin nazarin laifuffuka ɗan Amurka, ya nuna tun 1939 cewa laifuffukan manya masu ofis, irin su zamba da cin amanar dukiya, ɓarnarsu ta kuɗi ta zarce ta masu fasa shago nesa ba kusa ba, amma ba kasafai suke kai mutum kurkuku ba. Idan aka ce a ƙara tabbacin kamu, a kan wa za a ƙara shi?

Mai Neman Sani ta sake rubutawa:

Na gode ƙwarai, kowannenku ya buɗe mini ƙofar da ban san da ita ba. Amma yanzu na shiga tsaka mai wuya. Baba ya nuna mini cewa ɗauri yana tsinka abin da ke riƙe mutum, Malama Lauya kuma ta nuna mini cewa barin hukunci zalunci ne ga wanda aka cuta, kuma tsawatarwar jama'a ma tana da nata zaluncin. Malam, shin akwai hanyar da aka gwada wadda ta haɗa biyun, ko dole sai an zaɓi ɗaya?

Malamin Nazarin Laifuffuka ya sake amsawa:

Ban yi jayayya da Malama Lauya a kan cancanta ba, kuma tambayarta ta ƙarshe tana da amsa a bincike. Wani masani, Tom Tyler, ya yi nazari a kan mazauna birnin Chicago na Amurka, ya fitar da sakamakonsa a 1990, inda ya gano cewa abin da ya fi sa mutane bin doka shi ne ganin halaccin hukuma, kuma wannan gani yana ginuwa ne a kan yadda aka bi da su: an saurare su, an mutunta su, ba a nuna bambanci ba. Mutum kan karɓi hukuncin da bai yi masa daɗi ba idan ya ga an yi masa adalci wajen kaiwa gare shi. Wannan yana komawa kai tsaye ga tabbacin kamu, domin akasarin laifuffuka ba a gano masu su sai wani ya kai rahoto ko ya yarda ya ba da shaida, kuma unguwar da take ganin ɗan sanda a matsayin mai cin zali ba za ta buɗe masa baki ba. Kamun da ya tsallake mai ofis ya faɗa kan talaka kaɗai yana rushe kansa da kansa.

Game da haɗa biyun, John Braithwaite na Ostareliya ya bambanta kunyatarwa iri biyu a 1989. Akwai wadda take la'antar aikin sannan ta bar wa mai shi hanyar dawowa cikin mutane, akwai kuma wadda take liƙa masa sunan laifin har ƙarshen ransa. Illar ta biyun an auna ta. Wata masaniyar zamantakewa, Devah Pager, ta tura samari neman aiki a birnin Milwaukee na Amurka da takardu iri ɗaya, bambancin kawai wasu sun ce an taɓa ɗaure su, kuma a sakamakon da ta wallafa a 2003, cikin fararen fata kashi 34 na marasa tarihin ɗauri aka kira, masu tarihin kuwa kashi 17, cikin baƙaƙen fata kuma kashi 14 da kashi 5. Wannan shi ne titin da Baba ya ce mutumin yana tsayawa yana duba.

Kunyatarwa irin ta farkon kuwa, New Zealand ta shigar da ita dokarta ta yara masu laifi a 1989. Ana zaunar da yaron da danginsa da jami'in 'yan sanda, da wanda aka cuta idan ya amince, yaron ya ji da kunnensa abin da ya jawo, a tsara yadda zai biya ko ya gyara, ƙarƙashin idon hukuma. Ba sabon tunani ba ne a duniya, tunda shari'ar Musulunci ta daɗe da ba wa magadan wanda aka kashe zaɓi tsakanin ƙisasi da diyya da yafiya. Gwaje-gwajen da aka yi wa irin wannan zama a Ostareliya da Ingila sun nuna cewa waɗanda aka cuta sun fi samun gamsuwa da shi a kan shari'ar kotu kaɗai, kuma komawa ga laifi ya ɗan ragu, ba raguwa mai yawa ba. Yana da sharuɗɗa masu tsauri: sai mai laifin ya amsa laifinsa, sai wanda aka cuta ya shigo da yardarsa ba tare da matsin dangi ba, kuma inda ɗaya ya fi ƙarfin ɗaya, kamar dukan mata a gidan aure, zaman kan iya zama wata hanyar tursasawa. Mutanen da Baba ya ce ba ya juya musu baya, su kam gidan yari ne wurinsu, kuma idan aka rage cunkoson masu ƙananan laifuffuka da masu jiran shari'a, gandirobobi za su fi samun sararin kula da su.